'Yar Kyanwar da Na Rufe a Rumbu

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga cikin abin da hannuna ya aikata, ba rigimar iyakar gona zan zaɓa ba, ba kuma ƙaryar da na sha yi wa masu karɓar haraji ba. Zan koma wata hantsi bayan girbi, in sauko daga kan tsani da 'yar kyanwa a hannuna, maimakon yadda na sauko hannu wofi. Na jefa ta cikin rumbu da ranta, na ɗora murfi, na liƙe da laka, na tafi cin rani. Lokacin ina da mata, ina da 'ya'ya, ina da gemu. Ba wanda zai ce ƙuruciya ce.

Abin da ya tayar mini da maganar, jikata ce ta zo hutu daga birni da wata 'yar kyanwa a cikin kwali. Ta ɗaura mata ƙyalle a wuya, tana ta ɗaukarta hoto da waya. Na ce me take ci? Ta ce komai ma. Na ce idan kika koma makarantar kwana wa zai riƙe ta? Ta ɗaga kafaɗa ta ce ai kyanwa ba ta rasa yadda za ta yi. Na buɗe baki zan zazzage mata, sai na tuna ko ni waye, na rufe bakina. Yaran yanzu suna ɗaukar rai kamar abin wasan roba, in sun gaji su kai shi bola. Ina raina wannan hali ƙwarai. Amma ita aƙalla ba ta rufe tata a rumbu ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Shanono, inda gona take manne da gona, ba wani daji sai bishiyoyin da kowa ya san mai su. A shekarun farin nan ruwa yakan zo a makare ya ɗauke da wuri. Dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Mun ci dusa, mun ci garin rogo, mun ci tafasa ba ƙuli. Abin da ya rufa mini asiri shi ne irin geron da na gada a wurin babana, mai gajeren kai, mai saurin nuna. Ko damina ta gajarta yakan ba ka wani abu. Gida biyu ne kawai suka rage da wannan iri a garin: gidana da gidan Gwaggo, ƙanwar babana, wadda mijinta ya rasu take zaune a ƙarshen gari. Sauran mutane yunwa ta sa sun daka nasu sun ci.

A shekarar da nake magana, abin da na samu bai taka kara ya karya ba. Na zaɓi kawunan da suka fi cika na ɗaure su daban, na sa a ƙaramin rumbun ƙasa da ke bayan ɗakina. Wannan shi ne shukar baɗi. In ya salwanta, ba ni da abin da zan sa a rami.

To, yunwar da ta kama mu ta kama ɓeraye. Da gonaki suka zama fili, sai suka dawo cikin gida gaba ɗayansu. Sun ci sabulu, sun ci igiyar guga, sun huda tabarma. Da rana tsaka za ka ga ɓera ya ratsa tsakar gida ko sauri ba ya yi. Ina jin motsinsu a gindin rumbun.

Gwaggo tana da wata kyanwa mai baƙi da fari wadda duk garin aka san ta da farauta, kuma ta haihu a lokacin. A wurinmu ba a sayen kyanwa. Roƙo ake yi, in an ba ka ka ba da ɗan goro. Na sa goro a aljihu na tafi.

Na same ta tana tsince wake a faifai. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, 'yar mage na zo roƙo."

Ta ɗago ta dube ni. "Kai? Kai da jakinka sai ya yi kuka kake tuna yana da ciki?"

"Haba Gwaggo."

"Ba haba. Ba su gama shan nono ba. Dubi idonsu. Ka bari su ƙara kwana."

"Ɓera ba zai jira ni ba, Gwaggo. Irin Baba ne a rumbun."

Da na ambaci babana sai ta sassauto. Na san inda zan taɓa, shi ya sa na taɓa. Ta ajiye faifan ta ce, "Me za ka ba ta?"

"Akwai akuya mai nono."

Akuyar na sayar da ita tun kafin girbi.

"Ka zuba maganin ɓera a gidan? In ka zuba, kar ka ɗauka. Za ta ci mataccen ɓera ta bi shi."

"Ina na ga kuɗin magani?"

Wannan ce kaɗai gaskiyar da na faɗa ranar.

"In ka tafi cin rani wa zai duba ta?"

"Bana ba inda za ni."

Alhali na riga na yi magana da wani mai lambu a gefen madatsar ruwan Watari, zai ɗauke ni ban ruwan tumatir da albasa.

Ta ce, "Ka ji ni da kyau. Wannan ba tarko ba ce da za ka ɗana ka tafi. Yanzu ita ce za ta ci daga hannunka, sai ta girma kafin ka ga amfaninta. Za ta yi kashi inda ba ka so, za ta sa baki a ƙwaryar nono, wata rana ta haifa maka wasu ka rasa inda za ka kai su. Tana iya tsufa a gidanka. In ba za ka iya ba, ka bar mini abata, ba ta dame ni ba."

Na ce na ji, na yarda, na ɗauka amana. Kalmar da na faɗa ke nan, amana. Ta zaɓo mini wata mai fari a ƙirji. Na sa ta a aljihun riga na kawo gida, ko nauyinta ban ji ba.

Mai ɗakina ce ta raine ta. Takan tsoma yatsa a koko ta ba ta tana lasa, ta jiƙa ƙanzo ta murje mata. Daga rabonta take cirewa, a shekarar da rabon kowa bai isa ba. 'Yar abar takan kwana a cikin tsohuwar ƙwarya kusa da murhu. Ta fara tafiya da kyau, tana bin zaren zane, tana faɗuwa. Kaza ta taɓa korarta har ƙarƙashin gado. Ni kuwa kullum in na dube ta haushi nake ji. Na kawo mai gadi, ga shi ana ba shi koko da yatsa.

Akwai rumfar mai gyaran keke a bakin hanya, inda muke zama bayan la'asar. A nan aka yanke wa kyanwar hukunci. Cikin masu zaman akwai wani maƙwabcina, mutumin da ko kaza bai taɓa kiwatawa ta kai ga yin ƙwai ba, amma ba abin da bai sani ba a duniya, daga ciwon doki har tafiyar jirgin sama. Irinsu suna nan a kowace rumfa har gobe. Na yi kuskuren kai kukana gabansa.

Ya ce, "Malam, ai kai ka ɓata ta. Kyanwar da ke shan koko me zai kai ta wahalar ɓera? Gimbiya ka ajiye. Saura ka saya mata turare."

Aka fashe da dariya.

"To yaya zan yi?"

"Jefa ta rumbun ka rufe. Ga nama nan yana yawo. Yunwa za ta koya mata."

Wani ya ce ai ko warinta ɓera ya ji zai bar wurin. Wani ya ce haka kakansa yake yi. Na tabbata kakansa bai taɓa yi ba. Magidanta ne duka, masu carbi a hannu, kowannenmu ya sha jin abin da malamai suke faɗa a kan wanda ya tsare dabba bai ba ta abinci ba bai kuma sake ta ba. Ba wanda ya tuna. Ni ma da na sani tun ina makarantar allo ban tuna ba, ko in ce na tuna na kawar da kai, don dariyar gimbiya ta fi yi mini zafi.

Sai in yi bayanin wata al'ada don waɗanda ba su tashi a ƙauye ba. A wurinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta. Shi yake hawa, shi yake ɗebo awo ya ba ta. Ana cewa don albarka ne. Gaskiyar maganar ita ce don kada ta san abin da ya rage. A shekarun wahala dokar ta ƙara tsanani, saboda abin da muke ɓoyewa ya ƙara zama abin kunya.

Ranar da zan tafi, na auna mata dawa da garin rogo na kai ɗakinta. Sannan na jingina tsani, na sauke hular ciyawar da ke kan rumbun, na ɗaga murfin. Na saukar da kasko da ruwa a ciki. Na dawo na ɗauki kyanwar daga ƙwaryarta.

Mai ɗakina ta fito da muciya a hannu. "Malam, ina za ka kai ta?"

"Wurin aikinta."

"Ka dubi Allah. Ko fara ba ta iya kamawa. Ɓerayen nan wasu sun fi ta girma."

"Ke kika lalata ta da koko."

"To ka bar murfin a sake, in riƙa ba ta ruwa."

"Na sa mata ruwa."

"Wane ruwa ne zai kai ka dawo?"

A nan ne na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in tofa wa kaina yawu. Ina kan tsani, yaran suna kallo, na ce, "In kika taɓa murfin nan, ko kika sa wani ya taɓa da sunanki, a bakin aurenki."

Ta juya ta koma bakin murhu. Na saki kyanwar a kan damman gero. Ta ɗaga kai tana kallon haske. Na ɗora murfin na liƙe da laka, na bar wata 'yar kafa iya yatsa don iska, har ina yaba wa kaina tausayi. Tsanin ma ban bar shi a gidan ba, na kai wa maƙwabcin nan ajiya.

A Watari akwai ruwa, akwai kore, akwai abinci sau biyu a rana. Mutumin da ya fito daga garin da ake cin dusa, in ya samu haka sai ya manta da baya. Na ce zan leƙo gida da wuri, ban leƙo ba. Wata rana wani ɗan garinmu mai sayar da igiya ya biyo ta lambun. Bayan mun gaisa ya ce, "Iyalinka ta ce in gaya maka abin da ke cikin rumbu yana ta kuka."

Na ce, "Ka ce mata kukan farauta ne."

Abokan aikina suka yi dariya, na ji daɗi na yi magana mai ma'ana. Na koma na ci gaba da jan ruwa a kwalbati.

Sai da zafin bazara ya kankama, aka cire albasa, sannan na dawo. Mai ɗakina ta kawo mini ruwa, ta yi mini sannu da zuwa, ba ta dubi fuskata ba. Na karɓo tsani na hau. Da na fasa lakar na ɗaga murfin, wari ne ya fara tarbata.

Ba iri a ciki. Ƙaiƙayi ne da kashin ɓera da sandunan kawunan gero, an sheƙe su tas kamar an sa su a turmi. Ɓerayen sun huda gindin rumbun wuri-wuri, suna shiga suna fita yadda suka ga dama. Kaskon ya bushe har ya tsage. Kyanwar tana jikin bango daidai ƙarƙashin 'yar kafar da na bari, fata ce kawai da ƙashi, su ma ɓerayen ba su bar su duka ba. A bangon akwai sawun farce, ƙanana, sun hau sama kaɗan sun tsaya. Na daɗe ina kallon sawun nan. Ba su kai ko rabin hanya ba.

Daga baya na ji abin da ya faru a bayana. Mai ɗakina ta aika a kira Gwaggo, aka tarar ta tafi wajen Tofa, 'yarta ta haihu, za ta zauna wankan jego. Ta aika wa maƙwabcin nan ta roƙe shi ya buɗe don kansa, tunda tsanin yana hannunsa. Ya aiko cewa shi ba ya buɗe rumbun wani, ba a san shi da wannan ba. Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta riƙa tura jiƙaƙƙen ƙanzo da tsinken kara ta ramukan da ke gindin rumbun, ko Allah zai sa ya kai gare ta. Ɓeraye ta yi ta ciyarwa. Tana girki tana jin kukan, tana salla tana ji, har muryar ta dishe, har ta daina. Ni na tsara wannan, na bar mata ta saurara.

Da na tari maƙwabcin a rumfa, cewa ya yi, "Ni na ce ka rufe ta, ban ce ka manta da ita ba." Sauran suka gyaɗa kai. Wanda ya ce kakansa yana yi ya ce ai kakansa babbar kyanwa yake sawa. Ban samu bakin zaginsu ba. Su magana suka yi, ni na hau tsani.

Gajimare ya fara haɗuwa a gabas. Kowa yana gyara gona, ni ba abin da zan shuka. Geron kasuwa a lokacin gauraye ne, daga nesa aka kawo shi, ba wanda ya san asalinsa, kuma wanda ya gwada shi bara ya ga kara ba kai. In na shuka shi damina ta sake gajarcewa, gidana ya watse. Wuri ɗaya ne ya rage.

Gwaggo ta dawo. Na same ta a tsakar gida, uwar kyanwar tana kwance a kan turmi da aka kife, ta yi sumul, tana lumshe ido. Rumbun Gwaggo yana nan ba ko rami ɗaya a gindinsa. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ba ni tabarma ba.

"Ina 'yata?"

"Gwaggo, Allah ya yi mata cikawa."

"Allah ne ya hau tsani?"

Na sunkuyar da kai.

"Yaya akuya mai nono? Tana lafiya?"

"Gwaggo, ki yi haƙuri."

"A'a, tambaya nake. Da ka ce bana ba inda za ka, Watari a bayan ɗakinka take? Faɗa mini da bakinka abin da ka yi. Na ji a gari, amma ina so in ji yadda zai fito daga cikin gemun nan."

Na faɗa mata, tun daga rumfa har sawun farce. Ba ta katse ni ba. Da na zo wurin maganar aure sai ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ta ce, "Ka ɗaure kyanwa da laka, ka ɗaure yarinyar mutane da igiyar aurenta, ka tafi cin tumatir. Yanzu me ka zo nema?"

"Iri."

"Na sani. Da ba ka zo ba."

Ta bar ni a rana ta shiga ɗaki. Na yi zaton shi ke nan. Can sai ga ta da ƙwarya cike da gero, sussukakke, ta rufe da faifai. Na miƙa hannu, ta janye.

"Ba naka ba ne. Na waccan baiwar Allah ne da 'ya'yanta. Ni zan kai mata da ƙafata. A ɗakinta zai zauna, a tukunya, ita za ta ba ka ranar shuka. In an girbe, ita za ta zaɓi na baɗi ta ajiye. Kai ka nuna abin da kake yi da abin da aka ba ka."

Haka ta ratsa gari da ƙwaryar a kanta ina biye, ta gaban rumfar mai keke, kowa yana kallo. A bakin ƙofata ta juyo ta ce, "Kuma ko bayan raina, kar ka ƙara roƙon kyanwa a gidan kowa."

Geron ya fito, ya nuna kafin ruwa ya ɗauke, muka tsira da shi. Tun daga shekarar iri bai ƙara kwana a hannuna ba. A garin da mace ba ta leƙa rumbu, ni ne mutumin da yake zuwa ƙofar ɗakin matarsa ranar shuka ya tsaya a auna masa. An yi mini dariya a rumfa har aka gaji. Wannan dariyar na cancance ta, ba kamar ta farko ba.

Mai ɗakina ba ta taɓa yi mini gori ba har Allah ya karɓi abarsa. Sau ɗaya kawai, muna tsufa, na ce mata ta yafe mini maganar da na yi a kan tsani. Ta ce, "Tawa na yafe tuntuni, Malam. Ɗayar ba ni ce mai yafewa ba." Kyanwoyin maƙwabta sun sha zuwa ƙofarta tana zuba musu abin da ya samu. Ni in na fito sai su tashi. Na san ba abin da suka sani, amma ban taɓa jin haushinsu ba.

Jikata kuwa, kafin ta koma na zaunar da ita na yi mata tambayoyin Gwaggo ɗaya bayan ɗaya, sannan na ba ta labarin amsoshin da ni na bayar. Ta bar wa mahaifiyarta kyanwar bayan sun yi magana ta gaskiya a kan wa zai ciyar, wa zai share.

Kai da kake karanta wannan, in ranka ya biya da 'yar kyanwa, ko don ɓera ko don sha'awa, ina roƙonka ka tsaya tukuna. Ka bari ta gama shan nonon uwarta. Ka san abin da za ta ci daga kwanonka tun kafin ta yi maka wani amfani, ka san hannun da za ka bar ta a ciki ranar da tafiya ta kama ka, kuma ka tambayi mutanen gidanka, don su ne za su ji kukan. In amsa ɗaya ta gagare ka sai da ƙarya, ka bar ta wurin uwarta. Kada ka yi abin da na yi.